Gwaten Achan Maman Esther

Shekara tara Juliana ta yi tana dafa wa yara abinci a gidan renon Madam Vicky da ke Kakuri, can bayan layin tsohuwar masaƙa. Kafin nan a ɗakin girkin masaƙar ta yi aiki, zamanin da ma'aikata ke fitowa cin abinci ɗari-ɗari. Da aka rufe masaƙar, mijinta George bai daɗe ba ya rasu, ya bar ta da 'ya ɗaya, Esther. Ta yi ta faɗi-tashi a ɗakinsu na haya a Trikania har Madam Vicky, wadda suke coci ɗaya, ta buɗe gidan reno ta kira ta. Kowa a unguwar Maman Esther yake ce mata.

Yaran sun haura talatin, daga ɗan wata takwas zuwa ɗan shekara huɗu. Iyayensu 'yan kasuwa ne da malaman makaranta da nas-nas. Su ajiye su ƙarfe bakwai na safe, sai biyar na yamma su dawo ɗauka. Tsakanin nan duk abin da ya shiga cikin yaro daga tukunyar Juliana ya fito.

Ita kuwa abin da aka rene ta da shi a ƙauyensu kusa da Zonkwa take dafawa. Da safe kunun tamba da gyaɗa. Da rana gwaten acha, da wake da gauta da yakuwa da garin busasshen kifi a ciki. Wata rana faten dankali da alayyafo, wata rana kabewa da manja. Kullum kafin ta shiga aiki sai ta biya kasuwa wajen Hajara, wata dattijuwa 'yar Makera mai sayar da ganye, ta zaɓi wanda aka yanko a safiyar.

A ƙarƙashin teburin Hajara ta fara ganin Fatima, jikar Hajarar, kwance kan buhu. Wata goma sha huɗu gare ta amma ko rarrafe ba ta yi, gashinta ya yi ja ya tsinke, ƙafafu kamar sillen kara.

“Hajara, me yarinyar nan take ci?”

“Koko, Maman Esther. Uwarta ta yaye ta da wuri, ta tafi aikatau. Duk abin da na ba ta sai ta kau da kai.”

Juliana ta roƙi Madam har ta yarda a riƙa kawo yarinyar. Ita da kanta take ɗora ta a cinya, cokali ɗaya, a huta, a sake wani. Wata huɗu aka yi, sai ga Fatima ta kama ƙafar kujera ta miƙe. Ranar Hajara ta cika mata leda da zogale ta hana ta buɗe bakin jaka.

“Allah ne ya tashi yarinyar nan,” in ji ta, “amma ta ludayinki ya biyo.”

Ana nan aka buɗe wani sabon gidan reno a Kamazou, bango duk zane-zane, ana ba yara taliyar leda da biskit da lemon kwali. Iyaye uku suka kwashe 'ya'yansu suka koma can. Sauran suka fara ƙorafi a guruf ɗinsu na waya. Wata ta ce ɗanta yana dawowa gida yana warin daddawa. Wata ta ce ba ta bar ƙauye ta zo Kaduna don a ɗura wa 'yarta abincin ƙauye ba.

Madam ta shigo kicin da katan biyu na taliyar leda a hannun direbanta.

“Maman Esther, daga gobe wannan za ki riƙa dafawa.”

Juliana ta ɗauki leda ɗaya ta juya ta. “Madam, wannan ai yadda take saurin dahuwa haka take saurin barin cikin yaro. Kafin azahar za su fara kuka.”

“Sai a ba su biskit.”

“Wasu fa a nan kaɗai suke samun abin kirki. Kin san gidajen da suka fito.”

“Ni ba asibiti na buɗe ba,” in ji Madam. “Abin da iyaye suke so shi zan yi. In ba za ki iya ba ki gaya mini.”

Ta iya, don ba ta da wani wurin zuwa. Aka ɗora babbar tukunyar gwate saman kabad. Shekara biyu tana yaga leda tana zuba garin ɗanɗano a ruwan zafi. Ta ga yadda yaran suka koma: ciki ya ƙi tafiya, ga yawan mura, ga rigima da hantsi. Da abin ya ishe ta sai ta fara barbaɗa garin zogale a cikin taliyar a ɓoye. Sati uku aka yi wata uwa ta ga kore-kore a rigar ɗanta, ta zo ta tayar da jijiyar wuya. Madam ta tara ma'aikata, ta tsayar da Juliana a tsakiya, macen da ta girme ta da shekara goma, ta ce duk ranar da ta sake zuba ciyawa a abincin 'ya'yan mutane ranar za ta bar gidan.

Juliana ta ce, “Yi haƙuri, Madam.” Ta koma kicin ta wanke kofuna.

A farkon shekarar da ta biyo baya wani saurayi mai suna Nathan ya zo da farar mota. Ma'aikacin wata ƙungiya ne mai kula da abincin yara. Ya ce suna neman gidajen reno a kudancin gari da ke ciyar da yara abincin gida, wanda ake nomawa a nan, ba na leda ba. Wanda aka zaɓa za a ba shi firij da murhun gas, a horar da ma'aikatansa, a kuma faɗi sunansa a rediyo. Za su dawo duba abinci bayan wata ɗaya.

Juliana tana share baranda ta ji Madam tana cewa, “Ai mu nan tun da muka buɗe ba mu san wani abinci ba sai na gida. Kullum ina gaya wa iyaye, acha ta fi komai.”

Motar na fita Madam ta leƙo. “Maman Esther, sauko da tukunyar nan taki.”

Da wata ce da ta tsaya sai an ba ta haƙuri. Juliana kuwa daɗi ne ya kama ta, har ta ji kunyar kanta. Ta hau kujera ta sauko da tukunyar, ta dirje ta da toka. Washegari ta isa wajen Hajara tun ba a gama shimfiɗa kaya ba.

“Lafiya, Maman Esther? Kwana biyu sai dai gaisuwa.”

“An ce a koma gwate. Masu mota ne suka ce yana da kyau.”

Hajara ta yi dariya har ta riƙe ciki. “To da da kika faɗa, ba ki zo da mota ba ne.”

Aikin bai zo da sauƙi ba. Yaran da ke gidan yanzu da taliya suka buɗe ido. Ranar farko kusan duka suka ture kwano, wani ya tofar a ƙasa, wata ta yi ta ihu tana nuna kabad ɗin biskit. Juliana ba ta yi fushi ba. Ta rage tsamin yakuwa, ta marmasa dankali a ciki don zaƙi, ta zauna a tabarma tsakiyarsu da nata kwanon tana ci tana lumshe ido. Wani mai shekara uku ya matso ya buɗe baki. Na kusa da shi ya ga haka shi ma ya buɗe. Kafin sati uku har ana miƙo kwano a ƙara.

Ranar dubawa Nathan ya zo da mata biyu da sikeli. Suka auna yara, suka leƙa kicin, aka zuba musu gwate. Nathan ya cinye ya nemi ƙari.

“Wa ya tsara wannan?”

“Tsarina ne,” in ji Madam. “Na daɗe ina bincike a kai.”

Amma Nathan ya juya wajen Juliana da ke tsaye bakin ƙofa da tsumma a hannu. Ya tambaye ta me ya sa take sa gyaɗa da wake tare, me take ba yaron da ke zawo, yaya take yi da wanda bai fitar da haƙori ba. Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, da Hausa, kanta a ƙasa.

“Mama,” ya ce, “abin da muke tara mutane a otal kwana uku muna koyarwa ke nan.”

An zaɓi gidan. Firij ya zo, murhun gas ya zo, aka faɗi sunan Madam a rediyo. Iyayen da suka yi ƙorafin daddawa su ne suka fara tura hoton kwanon gwate a guruf suna yabo. Biyu daga cikin waɗanda suka tafi Kamazou suka dawo.

Tare da firij ɗin wata takarda ta zo. A ciki an ce mai dafa abincin yara dole ta kasance tana da satifiket na girki ko na ilimin abinci, kuma kullum ta cike fom da Turanci: me aka dafa, giram nawa, yara nawa suka ci. Juliana a aji huɗu na firamare ta tsaya.

Ranar Litinin ta shigo kicin ta tarar da wata budurwa da farar riga da hular girki. Hadassah ce, 'yar wan mijin Madam, wadda ta gama difloma a fannin girki tana zaune a gida.

“Ita za ta riƙa girki,” in ji Madam. “Ke kuma wanke-wanke da fo ɗin yara. Ba korar ki na yi ba, kin gani.”

Juliana ta jira ranar da Nathan ya zo, ta tare shi a bakin mota.

“Ɗana, kai ka ci abincina. Ka ce shi kuke koyarwa.”

Ya sosa ƙeya, ya kalli takalminsa. “Haka ne, Mama. Amma dokar daga sama take, masu ba da tallafin ne suka rubuta. Ba ni da iko a kai.”

“Su masu rubutun sun taɓa ba yaro abinci a baki?”

“Zan yi magana,” ya ce, ya shiga mota.

Wata ɗaya ta yi a bakin famfo tana kallon tukunyarta ta taga. Hadassah ba muguwa ba ce, tana gaishe ta da ladabi, amma ba ta taɓa rege acha ba a rayuwarta. Sai ta zuba ruwa sau biyu ta tsiyaye ta juye a tukunya. Yara su tauna su ji tsakuwa ƙaras, su tofar. Kwanukan suna dawo wa Juliana kusan a cike, ita ce mai kwashewa ta zubar a bola. Wata safiya ta kasa daurewa, ta shiga ta karɓi ƙwaryar daga hannun yarinyar. Tana cikin regewa Madam ta shigo.

“So kike ki jawo mini asara? In mutanen nan suka shigo suka gan ki a kan abinci, komai za su kwashe!”

“Madam, yashi yaran nan suke ci.”

“Ita ta yi karatun abin, ba ke ba.”

Ƙarshen satin Madam ta kira ta ofis ta ce mutum biyu sun yi yawa a kicin, kuma masu reno za su iya wanke kwanuka. Ta gode mata ƙwarai. Ta ce a coci ma za ta faɗi irin ƙoƙarinta. Juliana ta ɗauki silifas ɗinta na aiki da tsohon zaninta ta fita ta ƙofar baya, don kada yaran su gan ta su yi kuka.

Ta koma zaman gida. Esther, wadda ke ɗinki a wani shago, ita ta riƙe su. Juliana ta daina bi ta layin gidan renon. A coci ta canja benci.

Wata Asabar da la'asar tana tsinke zogale a ƙofar ɗaki sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya, Hadassah ta sauko da littafi a hannu. Ta durƙusa har ƙasa.

“Ina wuni, Mama.”

“Lafiya.”

Yarinyar ta daɗe tana murza bakin littafin kafin ta yi magana. Ta ce yara sun ƙi cin abinci. Ƙarshen wata za a zo awo, kuma ta san sun rame. Madam kullum zagi. Ta duba duk littattafanta na makaranta, babu acha a ciki ko sau ɗaya. Sai hawaye.

“Ba kina da satifiket ba?” in ji Juliana. “Ki jiƙa shi ki ba su.”

Hadassah ta share hawaye. Juliana ta ci gaba.

“Shekara tara. An ce abincina na ƙauye ne na yi shiru. An ce ciyawa nake zubawa na ba da haƙuri. Da ya zama abin rediyo sai aka ce hannuna bai yi makaranta ba. Yanzu kuma hannun kika zo aro?”

“Mama, wallahi ban nemi aikin nan ba. Kawo ni aka yi.”

Juliana ta ci gaba da tsinkar ganyenta. Ta yi niyyar ta bar ta a durƙushe har ta gaji ta tafi. Amma sai bakinta ya riga ta.

“Ɗan ƙaramin nan Tony, mai ciwon kunne, yana ci?”

“Cokali biyu, sai ya rufe baki.”

“Tagwayen nas fa?”

“Ɗaya ta kwanta asibiti makon jiya.”

Juliana ta ajiye tiren. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya biyu da mudun acha. “Tashi ki ɗebo ruwa. Ki ajiye littafin nan, da hannu ake koyo.”

Asabar uku Hadassah tana zuwa. Juliana ta koya mata rege acha daga ƙwarya zuwa ƙwarya har sai yashi ya kwanta shi kaɗai a ƙasa. Ta nuna mata yadda ake ɓare gyaɗa a ɗanɗana, mai ɗaci ko mai fumfuna a zubar. Ta ce mata wake ake fara dafawa shi kaɗai sai ya yi luguf, yakuwa kuwa a ƙarshe take shiga, don in tsami ya riga ya taɓa wake ko itacen duniya za a ƙona ba zai nuna ba. Duk abin da ta ɗebo da hannu sai Hadassah ta ce ta tsaya, ta juye a ɗan sikelinta ta rubuta. Esther takan dawo daga shago ta tarar da su, ta wuce ciki ko gaisuwar baƙuwar ba ta amsawa.

An yi awo, nauyin yara ya ƙaru. Hadassah ta kira a waya ta faɗa mata, tana ta godiya. Daga nan ba ta sake zuwa ba.

Bayan wata biyar Hajara ta zo Trikania takanas, riƙe da hannun Fatima wadda yanzu har ta shiga nazare. Ta ciro wani ɗan littafi mai sheƙi daga jaka. Ta ce wata mai sayen ganye ce ta ba ta, wai ƙungiyar ta buga an raba wa gidajen reno arba'in.

“Na ga hoton gwate a bango na ce wannan naki ne. Esther, karanta mana.”

Esther ta buɗe. Ta karanta sunan Madam Vicky a matsayin wadda ta kawo tsarin, da sunan Hadassah a matsayin ƙwararriyar da ta haɗa girke-girken. Ta duba shafin godiya, ta duba bangon baya. Ta wurgar da littafin kan tabarma.

“Ko harafi ɗaya na sunanki babu, Mama. Gobe a coci sai na tsaya gaban kowa na faɗa.”

“Ba za ki yi ba. Ɗauko ki karanta mini wajen gwaten. Ki juya mini da Hausa.”

Esther ta ɗauka tana huci. Ta karanta: a wanke acha, a jiƙa wake, a zuba wake da yakuwa da gauta a tukunya lokaci ɗaya a dafa minti ashirin.

“Sake karantawa.”

Ta sake.

“Ba haka na gaya mata ba,” in ji Juliana. “Waken nan ba zai nuna ba. Yaro ɗan shekara ɗaya ya haɗiyi wannan, cikinsa kumbura zai yi.”

Ta sa Esther ta kira Hadassah. Lambar ba ta shiga. Hajara ta ce ai ta ji an ce ƙungiyar ta ɗauke ta aiki, ta koma Abuja, wata ce ke girki a gidan Madam yanzu, da littafin take amfani.

“Bar su, Mama,” in ji Esther. “Su suka jiyo. Ina ruwanki?”

“Gida arba'in,” Juliana ta ce. “Kowane gida yara nawa?”

Ranar Litinin ta ɗaura zanin zuwa coci ta shiga mota ta haye gada zuwa ofishin ƙungiyar. Mai gadi ya ce Nathan yana wajen taro, sai mako mai zuwa. Ta ce za ta ga ko wane ne. Aka nuna mata benci. Ta zauna daga hantsi har bayan azahar, mutane na shige da fice da kati a wuya, ba wanda ya tambaye ta abin da ya kawo ta. Daga ƙarshe ta tashi ta je gaban teburin wata budurwa mai karɓar baƙi, ta buɗe littafin a shafin da Esther ta lanƙwasa mata.

“'Yata, akwai kuskure a nan. Yakuwa a ƙarshe ake sawa, bayan wake ya nuna. Don Allah ki gaya wa manyanku su gyara.”

“Daga wane gidan reno kike, Mama?”

“Ba na ko ɗaya.”

“To, za a duba,” in ji budurwar, idonta na kan waya.

Juliana ta ɗan tsaya ta ga ko budurwar za ta ɗauki biro. Ba ta ɗauka ba. Sai ta sake faɗa a hankali, “A ƙarshe. Bayan wake ya nuna.” Ta bar mata littafin a buɗe kan tebur, ta fita neman motar Trikania.